Ranar Da Na Kife A Kogin Nilu

Kafin in ba ku labarin garin Jinja, bari in fara da abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Ina 'yar shekara 11 ƙanena ya faɗa kududdufin bayan gidanmu a Kano, cikin damina, ina tsaye a bakin ruwan ban iya komai ba sai ihu. Kafin manya su iso rai ya yi halinsa, Allah Ya jiƙansa. Tun daga ranar, ko gadar Wudil muka zo hayewa a mota sai na runtse ido har mu wuce.

A shekarar 2022 aiki ya kai maigidana Kampala, babban birnin Yuganda, na bi shi, lokacin ina da shekara 46, yara duk sun tasa. Wata Asabar ya ce in shirya mu je mu ga inda Kogin Nilu ya faro. Jinja tana gabas da Kampala, tafiyar kimanin kilomita 80, hanyar ta ratsa dajin Mabira da gonakin rake da na ganyen shayi, ko'ina kore shar. Garin kansa shiru ne, ga tsofaffin gine-ginen Indiyawa 'yan kasuwa, ga 'yan acaɓa da suke kira boda-boda. A nan ruwa ke fita daga Tafkin Biktoriya ya nufi arewa, ya bi ta Sudan ya shiga Masar. Wani Bature ɗan Ingila, John Speke, ya iso wurin a 1862 ya ce ya gano mafarin Nilu, kamar dai mutanen da ke kamun kifi a wurin tun kaka da kakanni ba su da idanu.

Da yamma muka gangara ƙasa da garin, muka zauna a wani tudu muna kallon kogin. Nan na ga abin da ya hana ni barci. Wata budurwa 'yar ƙasar ce cikin wani ɗan mitsitsin kwale-kwale na roba, ita kaɗai, ta shiga tsakiyar kumfar ruwa, sai kawai ya kife da ita. Na miƙe ina salati. Kafin in rufe baki sai ga ta ta juyo sama, tana zaune daram a cikin abinta, tana yarfe ruwa daga fuska tana dariya. Wallahi jikina har rawa yake. Na ce ashe akwai wanda ruwa ke kifarwa ya tashi da kansa?

Sunan abin kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar teku a kan firam na itace ko ƙashi su fita farauta. Ruwansu sanyinsa kisa yake cikin ɗan lokaci, don haka dole ta sa suka ƙware wajen juyo da jirgin ba tare da sun fita daga ciki ba.

Da na faɗa wa Alhaji ina son in koya, sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke da ko randa ba kya leƙawa?" Amma da ya ga da gaske nake, ya amince bisa sharaɗi biyu: mace ce za ta koya mini, kuma sai na fara iya iyo. Wata uku na yi ina koyon iyo a wani wurin wanka na mata. Na san za ku tambayi sutura. Dogon wando da riga mai dogon hannu nake sawa, da ƙaramin hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano, sannan rigar da ke hana nutsewa. Mayafi kam haram a cikin kogi, domin duk abin da ke lilo yana iya maƙalewa a reshe ko dutse ya riƙe mutum a ƙasa.

To sai batun zaɓen jirgi, inda na so in yi wauta. A rumfar da ake ajiye su na hango wani ɗan gajere ja, bai kai mita 2 ba, kyakkyawa kamar takalmin amarya, na ce shi nake so. Malamata, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta yi murmushi ta ce, "Mama, wannan na masu wasa ne, an yi shi don ya riƙa tsalle da wulƙitawa a kan igiyar ruwa. Kafin ki yi tuƙi goma ya zubar da ke." Ta nuna mini wani ƙato mai ƙiba, ya haura mita 2 da rabi, na masu gangara duwatsu, shi ba ya saurin nutsa hanci amma ɗaukarsa a kafaɗa aiki ne. Sannan ga na tsaka-tsaki, wanda aka yi don bin kogi kawai. Ta ce kowane jirgi akwai nauyin mutumin da aka ƙera shi ya ɗauka, kuma ba a saye sai an zauna a ciki: tafin ƙafa ya dafe matokari, gwiwoyi su kama gefe, ƙugu ya cika wurin ba ya lilo, domin da ƙugu ake sarrafa shi. Wata biyu ina haya ina gwadawa. Daga ƙarshe na sayi na tsaka-tsakin, na hannu, kalar ruwan toka, cikinsa duk zane-zanen duwatsu, bayan mun kifa shi mun duba babu tsaga a ƙarƙashin kujera. Ba shi da kyau ko kaɗan. 'Yan mata, ban ce komai a kan samari ba, amma mai hankali ta gane.

A kwantaccen ruwan da ke bayan madatsar Bujagali muka fara. Da can wurin gangaren ruwa ne mai suna, amma madatsar da aka kammala a 2012 ta shanye shi, kamar yadda ta Isimba da aka buɗe a 2019 ta shanye wasu a ƙasa. Masu tuƙin Jinja har yanzu da ciwon abin suke magana. Darasin farko shi ne fita. Akwai wani siket na roba da ake sawa a ƙugu a ɗame bakin jirgin da shi don kada ruwa ya shiga, yana da madauki a gaba. Idan an kife, sai a sunkuya a ja madaukin, a tura jirgin kamar mai tuɓe wando. Ranar da ta fara kifar da ni, da na ga koren duhun nan, fuskar ƙanena na gani. Na fito ina tari ina kuka, na ce na fasa. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce in zauna in huce, ta toshe mini hanci da wani ɗan maƙale, ta ce wannan karon in ƙirga biyar a ƙasa kafin in ja. Na ƙirga uku.

Ita juyowar kuwa ga yadda take. Kina kife, sai ki naɗe jiki gaba, ki miƙa filafilin tuƙi a gefen jirgin har hannuwanki su ji iska. Sai ki shara shi a saman ruwa zuwa gefe, a daidai lokacin ki fizgi ƙugu da gwiwa ɗaya, jirgin ya mirgino ƙarƙashinki. Jiki ya biyo baya, kai ne na ƙarshe, kunne manne da kafaɗa. Nan ne wahalar take, domin wadda numfashi ya ƙare wa babu abin da take so irin ta ɗago kai, kuma da zarar kin ɗago shi da wuri, ɗaya gwiwar za ta ja jirgin ya koma da ke ƙasa. Wani yaro ɗan shekara 14 da muka fara tare ya iya cikin kwana biyu. Ni Asabar goma sha ɗaya na yi. Bayana ya ƙage, kafaɗata ta yi tsami har sai da na bar zuwa mako uku, domin ina danna filafilin da ƙarfin hannu maimakon ƙugu. Kullum malamar na cewa, "Mama, kanki! Bar shi a ruwa!" A gida kuma Alhaji ya sha tarar da ni zaune a tabarma ina murguɗa ƙugu, ya girgiza kai ya wuce.

Gangaren kogi mataki-mataki ne, daga 1 zuwa 6. Irin su Itanda, da ake jin rugugin sa daga nesa, akwai ɓangarensa da ko gwanaye ke fitowa su ɗauki jirgi a kafaɗa su zagaye, ni kuwa daga kan dutse kawai na kalle shi. A 2023 malamar ta kai ni wani ɗan gangare mai mataki na 2. Na yi bisimilla na shiga. Na wuce igiya ta farko, ta biyu ta bugi gefena, sai ga ni a ƙasa, ruwa na fizgar hulata. Hannuna ya tafi kan madauki, har na taɓa shi. Sai na sake shi, na naɗe, na shara, na fizga. Na ga haske, na ɗago kai, na koma. Na sake shiri a karo na biyu, ƙirjina kamar zai fashe, na manne kunne a kafaɗa kamar mai jin kunyar suruki. Sai kawai na ji iska a fuskata.

Malamar tana ta ihu tana buga jirginta. Ni kuwa na tuƙa zuwa gaɓa, na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi ba shekara talatin da wani abu, na yi wa ƙanena addu'a. Da daddare Alhaji ya sayo mana soyayyar karfasa, na ci har da kai.

Da za mu dawo gida a ƙarshen wannan shekarar, jirgin bai shiga kaya ba, sai na bar wa malamar don 'yan matan ƙauyensu da take koya wa. Hular kwanon ce na taho da ita, tana nan a saman sif kusa da kwanukan jerena. Sallar da ta biyo baya muka nufi Wudil gaisuwa, da muka hau gada na ce wa direba ya rage gudu, ina son in ga ta wane gefe ruwan ya fi ƙarfi.