Ƙarfen da Ke Zubowa Daga Sama

Mahaifina maƙeri ne a Maraɗi. Idan aka kawo masa guntun ƙarfe, sai ya goga shi a dutse, ya dubi tartsatsin, ya faɗi irinsa. Ni ban gaji sana'ar ba. Fatauci ya kawo ni Libreville, inda ɗana ya tashi bai taɓa jin ƙarar zuga-zugi ba.

Shi ya zo mini da labarin daga makaranta: wai akwai ƙarfen da ke zubo wa duniya daga sararin samaniya, ba a dunƙule ba, ƙwaya ɗai-ɗai, wato cibiyar zarrar ƙarfe mai gudu dab da saurin haske. Masana na ganin fashewar taurari ce ke cillo su. Na ce to mu ma mu shimfiɗa tabarma mu tara. Ya yi dariya. Iskar da ta lulluɓe duniya tana farfasa su kafin su iso ƙasa. Mu kuma da ke gab da layin da ya raba duniya biyu, maganaɗisun duniya ya fi kore mana raunana daga cikinsu. Dole a je can sama a tare su.

Haka aka yi. A watan Mayu na 2011 aka ɗora na'urar AMS-02 a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, kimanin kilomita 400 a bisa kanmu, bisa jagorancin Samuel Ting. A cikinta akwai maganaɗisu. Ƙwaya mai rauni takan lanƙwasa sosai idan ta ratsa shi, mai ƙarfi kuwa da ƙyar take karkata. Sawun da ta bari shi ke nuna irinta. Da haka ake ƙirga ƙwayoyin ƙarfe nawa ke kowane matakin ƙarfi (a kula, wasali ɗaya ne ya raba kalmomin biyu). Ƙwayoyin ƙarfe kaɗan ne, sai a 2021 aka fitar da sakamakonsu, kuma ya ba da mamaki: yadda yawansu ke raguwa ya fi kama da na marasa nauyi irin su kabon, ba na silikon da ya fi kusa da su a nauyi ba.

Na ce masa kakansa ma da sawun wuta yake gane ƙarfe. Ya tambaye ni wane irin tartsatsi ƙarfe mai kyau ke yi. Na yi shiru, domin na manta. Washegari na kama hannunsa muka nufi kasuwar Mont-Bouët neman mai wasa wuƙa.