Rigar da ta canja yadi, ba ta canja suna ba

A wani hunturu, ranar Alhamis, wani ɗalibin ilimin harsuna ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram neman rigar sanyi a layin ƴan gwanjo. Yana cikin tono hannunsa ya kai ga wata jar riga mai faɗin kafaɗa, wadda aka ratsa ƙirjinta da shuɗin zane mai farin gefe. A tsakiya akwai babban harafin C, da ƙaramin H a cikinsa. Ya taya, aka sallama. Ranar da ya shiga aji da ita, wani abokinsa ya dube shi sama da ƙasa ya ce: "Malam, yau kuma tutar Faransa ka yafo mana?" Aka yi dariya. Da yake lokaci ne da ake ta muhawara a kan matsayin Faransanci a Nijar, maganar ta tsaya masa a rai. Ga shi kuma rigar ba ta tare sanyi ba, domin yadinta duk ƙananan huji ne. Ya naɗe ta ya tura ƙasan akwati.

Haruffan nan biyu ne suka hana shi sakat. Da ya bi sawunsu, sai suka kai shi Kanada. Rigar ta ƙungiyar Canadiens ce ta birnin Montiriyal, masu wasan hoki na kan ƙanƙara, inda mutum shida-shida kowane ɓangare ke sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe, suna korar ɗan faifan roba da sanduna. An kafa ƙungiyar a 1909 domin masu magana da Faransanci na birnin, ta kuma ci Kofin Stanley sau 24, na ƙarshe a 1993. Haruffan suna nufin Club de hockey Canadien. Faɗin kafaɗar kuwa, don a kan sulken kariya ake sa rigar. Hujin don zufa ta fita.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sunan rigar. A Faransa, rigar ɗan wasa maillot ce, amma a lardin Kebek ana ce wa wannan chandail. Masana asalin kalmomi sun ce an yanko kalmar daga marchand d'ail, wato mai sayar da tafarnuwa, saboda saƙaƙƙiyar rigar da ƴan kasuwar kayan miya na Paris ke sawa. Ƴan wasan farko a sarari suke wasa, a kan daskararren ruwa, don haka rigarsu ta ulu ce mai kauri, wadda ke ƙara nauyi idan ta jiƙe. Yau da zaren roba ake saƙa ta, amma sunan bai gusa ba. Magoya baya har yanzu suna kiranta la Sainte-Flanelle, wato tsarkakakken yadi mai laushi, alhali wannan yadin babu shi a jikinta. Ɗalibin ya tuna cewa Bahaushe ma yana cewa ya buga waya, bayan na'urar da ke hannunsa ba ta da waya ko taƙi ɗaya.

To me ya riƙe sunan haka? Amsar ya same ta a wani gajeren labari na Roch Carrier, Le Chandail de hockey, wanda ya fito a 1979. Marubucin ya ba da labarin ƙuruciyarsa a ƙauyen Sainte-Justine a hunturun 1946, lokacin da duk yaran ƙauyen ke sa jar riga mai lamba 9, lambar gwaninsu Maurice Richard. Tasa ta tsufa, mahaifiyarsa ta rubuta wa wani babban kanti wasiƙa da Faransanci, domin takardar odar da Turancin Ingilishi take. Aka aiko da shuɗiyar riga mai ganye a ƙirji, ta ƙungiyar Toronto, abokan hamayya masu Ingilishi. Uwar ta tilasta masa ya sa, aka ƙi sa shi a wasa, daga ƙarshe aka kora shi coci neman gafara, shi kuwa ya roƙi Allah ya aiko da asu su cinye rigar.

Nan ɗalibin ya ga ashe launukan da aka yi masa ba'a a kansu wata ma'ana suke ɗauke da ita a can. Faransancin da ya zo Nijar a matsayin harshen mai mulki, a Kebek shi ne harshen ma'aikacin da shugabansa ke ba shi umarni da Ingilishi. Da shugaban gasar, Clarence Campbell, ya dakatar da Richard a 1955, tarzoma ta ɓarke a Montiriyal ranar 17 ga Maris, domin mutane sun ɗauki hukuncin a matsayin wulaƙanci ga al'ummarsu. Sai a 1977 doka mai lamba 101 ta tabbatar wa Faransanci gurbinsa a wuraren aiki da makarantun lardin. Shi ya sa, da aka liƙa tallar wani banki a ƙirjin rigar a 2022, da yawa suka ji kamar an taɓa musu abin gado.

Da hunturu ya zagayo, ya buɗe akwatin. Asu sun huda wata hular ulu da ke kusa da ita, amma jar rigar ko ƙwarzane babu. Ya ɗora ta a kan wata riga mai kauri, kamar yadda masu ita ke yi, ya nufi aji. Abokin nasa ya sake ɗaga gira. Ya ce masa: "Zauna, abokina, in tambaye ka: harshe ne ke danne mutane, ko mai riƙe da shi?" Har malami ya shigo ba su gama gardamar ba.