Tsuntsun Zare a Ɗakin Amarya

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma zan yi magana ne a kan wata 'yar sana'a da mutane da yawa ke ɗauka wasan yara ce, wato saƙa ƙananan tsuntsaye da kwarashi don ƙawata ɗaki.

A Tambuwal, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ɗakin mace shi ne shaidarta. Kakanninmu sun yi jeren ƙore da faya-fayai, iyayenmu suka yi na kwanonin samira, mu kuma muka tashi muka tarar da kabad cike da tangaran da furen roba. A da, in ka ɗauki faifai a ɗakin amarya, za a iya gaya maka sunan wadda ta saƙa shi da unguwarsu. Yau yawancin abin da ke bangonmu babu wanda ya san hannun da ya yi shi.

Kwarashi dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Da shi ake saƙa hular jarirai da safa da rigar sanyi da 'yar shimfiɗar kan kujera. Ni a hannun gwaggona na koya, wadda ke zaune a Kebbe. Tsuntsun ne sabo, kuma ta waya ya shigo mana. Mutanen Japan suna kiran irin waɗannan 'yan halittun saƙa amigurumi, kuma intanet ce ta yaɗa su a duniya.

Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son lissafi. Za ki yi ɗan zobe da zare ki sa saƙa 6 a ciki. Zagaye na biyu ki ninka su zama 12, na uku 18, na huɗu 24, kina tafiya kamar dodon koɗi ba tare da kin rufe layi ba. In cikin tsuntsun ya kai girman da kike so, sai ki fara ragewa, ki cusa auduga kafin bakin ya tsuke. Fukafukai da baki da jela daban ake yin su, sannan a ɗinka da allura. Kwarashin ya zama siriri, kamar mai milimita 2.5 ko 3, don kada audugar ta riƙa leƙowa. In hannu ya saba, awa biyu zuwa uku sun ishe ni gama guda ɗaya.

Wahalar tana wurin kallo. Tsarin saƙar da ake samu a waya na tsuntsayen ƙasashen sanyi ne, masu jan ƙirji da waɗanda ke tafiya a kan ƙanƙara. Da Gwaggo ta ga hoton ɗaya daga cikinsu, sai ta ce: "Ɗiyata, wanga ba tsuntsun garinmu na ba. Ku tahi ku dubi kurciya." Daga nan muka koma duban namu. Kurciya kanta ƙarami ne, ƙirjinta ya fi cika. Balbela fara ce sol, doguwar wuya, ba ta rabuwa da garken shanu. Shamuwa baƙa ce mai farin ciki, kuma zuwanta ke gaya wa manomi ya gyara gona, damina ta kusa. Marai rawaya ne mai baƙin kai, shi ma masaƙi ne, don sheƙarsa da yake ratayawa a reshe ta fi ƙarfin kwarashina. Jan baki kuwa mun yi guda ɗaya tak, babu wanda ya taya. A ƙasar da ake noman shinkafa da gero, wa zai rataya ɓarawon gonarsa a ɗaki?

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi. Mu mutanen ƙasar Shehu ne, ba ma shigar da abu ɗaki sai mun san hukuncinsa. Tsuntsun da aka cusa wa auduga yana da jiki, yana da inuwa, to, ba sura ba ce? Na kai tambayar wurin malaminmu na Islamiyya, ya yi mini bayanin matsayin Malikiyya: surar abu mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika, ba ta halatta ba. An yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wadda ba ta da inuwa kuwa hukuncinta ya fi sauƙi, musamman a kan abin da ake zama ko jingina a kai. Ya kuma ce malamai sun saɓa a wasu rassan, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa.

Wannan amsa ta raba mana aikin biyu. Masu auduga na 'yan mata ƙanana ne, su goya, su yi musu gida da kwali. Na ƙawata ɗaki kuma shimfiɗaɗɗu muke saƙawa, mu ɗinka su a kan rigar matashi da shimfiɗar kujera. Abin mamaki, waɗannan sun fi samun kasuwa wurin iyayen amare, don suna wankuwa, ba sa tara ƙura lokacin hunturu.

Kasuwa kuwa ita ce dalilin da ya sa Gwaggo ba ta ɗauki abin da wasa ba. Mijinta ya rasu, ga marayu, ga matsalar tsaro da ta sa gonakin nesa da gari suka zama abin fargaba a yankin Kebbe. Sana'ar da mace za ta yi a tsakar gida, jarinta kwarashi ɗaya da ƙullin zare, ba abin rainawa ba ce. An taɓa yin haka a wani wuri: lokacin babbar yunwar da ta faɗa wa ƙasar Ayalan daga 1845, an koya wa mata da 'yan mata saƙar leshi da kwarashi, kuɗinta ya riƙe gidaje da yawa.

Sai dai mai saye yakan ɗora aikin awa uku a ma'auni ɗaya da furen roba da inji ya zubo dubbai. Ranar kasuwa wata ta riƙe matashin shamuwa ta ce ya yi tsada. Gwaggo ba ta yi musu ba, ta miƙa mata kwarashi da zare ta ce ta yi mata fuffuke ɗaya. Matar ta yi dariya ta biya.

Abin da na kawo muku ke nan, 'yan uwa. Da yawanmu in mun zo siffanta safiya a labari, sai mu rubuta cewa tsuntsaye suna ta kuka. Waɗanne? Kukan kurciya daban, hayaniyar marai daban, kuma mai karatu a Dogon Daji ko Kuchi ya san bambancin. Yaran da ke zuwa kallon saƙarmu, kaɗan ne ke iya faɗin sunan gauraka ko zalɓe in sun gani. Sunan da ba a faɗa, ba a rubutawa, ba ya daɗewa a bakin mutane.

Don haka ina roƙon kowa ya zauna da wata tsohuwa ko wani manomi a garinsu kafin mako mai zuwa, ya samo sunayen tsuntsaye 5 da launinsu da lokacin zuwansu. Ku sa su a labaranku, ni kuma in nemi zaren da ya dace da su. Allah Ya sa albarka a alƙalumanmu da hannuwanmu.