Tikitin Araha, Jira Mai Tsada

Ga shi ƙarshen shekara na ƙaratowa, lokacin bukukuwan aure da tafiya gida Kirsimeti, kuma na san da yawanmu mun fara leƙa waya muna neman tikitin jirgi mafi sauƙin kuɗi. Ni ma haka nake yi. Sai dai na daɗe da lura cewa abin da aka rage maka a kuɗi, sau da yawa da lokacinka kake biyan sa.

Jirgi ba ya kawo wa mai shi ko sisi yana ajiye a ƙasa. A kan wannan lissafin aka gina kamfanonin jiragen araha. A 1972, kamfanin Southwest na Amurka ya shiga matsin kuɗi har ya sayar da ɗaya daga cikin jiragensa huɗu. Don ukun da suka rage su yi aikin huɗu, sai ya tsara cewa jirgi zai sauka, ya sauke fasinja, ya ɗebi wasu, ya tashi cikin minti 10. A Turai, Ryanair ya yi suna da minti 25. Shi ya sa za ka ga an jera fasinja a layi tun jirgin da zai ɗauke su bai ma sauka ba. Gara ku jira jirgi, da jirgi ya jira ku. Wani jiran kuma a mota ake yin sa: filin Hahn da ake liƙa wa sunan Frankfurt a Jamus yana da nisan wajen kilomita 120 daga birnin.

Ban ce dabarar mugunta ba ce. Ita ce ta sa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suke iya hawa jirgi, kuma da sassafe jiragen nan sukan tashi a kan kari. Matsalar tana ɓullowa ne idan rana ta yi nisa. Jirgi ɗaya ne ke zirga-zirga tun asuba har dare, ba wani sarari tsakanin sawu da sawu, ba kuma lallai a sami wani jirgin a ajiye ba. Minti 20 da aka rasa da safe ba ya ɓacewa. Yana bin jirgin gari-gari yana ƙaruwa, har ya faɗa kan masu sawun ƙarshe. Matuƙa kuma doka ta ƙayyade musu awoyin aiki. In suka cika, jirgi na nan lafiya lau amma ba mai tuƙa shi.

A nan gida abin ya fi ciwo, domin kamfanoninmu jiragensu kaɗan ne, ga hazon hunturu da ke rufe sararin Kano da Kaduna, ga filayen da jirgi ba ya sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana. Na taɓa zama a Legas ranar wata Jumma'a ina jiran jirgin yamma zuwa Abuja. Kusa da ni wata baiwar Allah ce riƙe da rigar amarya a cikin leda, ƙanwarta za a ɗaura wa aure da safe. Sau uku ana ɗaga lokaci. Maza suka yi caa a kan yarinyar da ke kanta, wadda ba ita ta tsara sawun ba, ba ta kuma san inda jirgin yake ba fiye da mu. Matar nan ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta tambayi yarinyar a hankali, "Ƙanwata, don Allah jirgin da zai kwashe mu, daga ina zai taso?" Aka duba, ashe ko tashi bai yi ba daga can. Nan take ta kira wani ɗan'uwanta ya nema mata motar dare.

Tun daga ranar, tambayar da nake yi ke nan. In kuma tafiyar ta aure ce, ko jana'iza, ko ganawar neman aiki, sawun farko na safe nake saya, ko in tafi tun ana gobe. A Tarayyar Turai, dokar 2004 ta sa ana biyan fasinja Yuro 250 zuwa 600 idan ya isa a makare da awa 3 ko fiye, muddin laifin kamfani ne. A Nijeriya ma hukumar NCAA ta tanadi cewa a ba fasinja abin taɓawa idan jinkiri ya kai awa 2, amma sau da yawa sai ka buɗe baki ka tambaya.