Gonar da ke ƙarƙashin ruwa

Da hutun Sallah muka tashi daga Kwanyawa zuwa dam ɗin Challawa a Ƙaraye, ni da Baba da ƙannena, sai Kaka da ta dage sai ta bi mu. Wani masunci ya ɗauke mu a kwalekwale, yana nuna mana inda ake jefa raga da wani ɗan tudu da ruwa ya kewaye, wai tsibiri. Ƙannena sai hoto suke.

Da muka yi nisa, Kaka ta nuna ruwa: “Nan gonar babana take, da tsamiya a tsakiya.” Kafin a gama dam ɗin a 1992 ke nan. Ni da na haddace shekarar don jarrabawa, ban taɓa tambayarta ba.

Baba ya ce, “Inna, kin tabbata?”

Ta ce a mayar da ita gaɓa.