Tuban Muzuru

A cikin dabbobin da Bahaushe yake zaune da su, babu wadda matsayinta ya rikitar da mutane kamar kyanwa. Akuya tana da turke, kaza tana da akurki, kare ma da ake ƙyama yana da ubangiji. Amma kyanwa, ko mage, ko kuwa mussa kamar yadda muke ce mata a ƙasar Zamfara, da wuya ka ga an saye ta a kasuwa, ba a sa ta cikin rabon gado, ba kuma a ɗaure ta. Ita ke zaɓen gidan da za ta zauna. In ta sami wuri ta hayayyafa, sai a rasa wanda zai ce tasa ce, a kuma rasa wanda zai kore ta da zuciya ɗaya. Wannan shi ne ya same mu, shi ne kuma nake so in tattauna da mai karatu.

Gidanmu yana Bunguɗu, a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. A bayan katangarmu akwai wani kango, kusa da shi kuma juji. A wani hutu da na je gida na ƙirga maguna bakwai masu shigowa ta kan katanga, ban da wani jibgegen muzuru mai yagaggen kunne. Ɓarnar da suka yi ba kaɗan ba ce. Kazar Inna ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya, kafin mako uku saura huɗu. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san kaji su ne asusun mace, da su take sayen sabulu da magani, da su take fita kunyar biki. Ga ƙwaryar nono da ake tarar an buɗe, ga koke-koken dare mai kama da na jariri.

Nan fa gida ya rabu uku. Yayana ya ce a sa guba a cikin kan kifi a huta. Kawu ya ce a'a, a zuba su a buhu a kai su ƙetaren gulbi a sake su. Ita kuwa Kaka cewa ta yi, "Kul! Kowat taɓa mussag ga, ba ni ba shi." Baba ya yi shiru yana saurare, sa'an nan ya dube ni ya ce, "To, ɗan jami'a, kai me ka gani?"

Bari mu ɗauki shawarwarin nan ɗaya bayan ɗaya. Guba dai ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Kazar da ake son a tsirar tana iya tsattsagarta, yaro mai rarrafe yana iya kaiwa baki. Bugu da ƙari, addini bai bar mu a duhu ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, yana cikin Buhari da Muslim. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu. Kowane ɗalibi ya san daga inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Tarihi ma ya nuna Sarkin Misra Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da magunan da ba su da masu su.

Shawarar buhu ita ce aka fi bi a garuruwanmu, domin tana kama da tausayi. Amma in an duba, ɗauke kaya ne daga kanka ka ɗora wa wani. Mutanen ƙetaren gulbi su ma suna da kaji. 'Yan ƙananan da ba su iya farauta ba kuwa, yunwa ce za ta kashe su, watau an yi kisan ke nan, an dai kau da kai kawai. Har wa yau, dabarar ba ta magani. Kyanwa tana ɗaukar ciki kamar kwana 63 zuwa 65, takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'yar da aka haifa kuma tana iya ɗaukar nata cikin tun tana wata shida. Muddin jujin yana nan, kangon yana nan, in ka kwashe bakwai yau, wasu bakwai za su gaje wurin kafin kaka.

Maganar Kaka tana da ƙarfi, ko da yake rabinta camfi ne, don ita a ganinta baƙar mussa ba a rasa aljani a jikinta. Ɗaya rabin kuwa gaskiya ce tsantsa: rumbu. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutanenmu da yawa noma gonakin nesa, damin gero ɗaya ba abin wasa ba ne, ɓera kuwa ba ya jin ƙai. Ban da cin hatsi, wani nau'in ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa ta jihar Borno ta yanzu. Amma fa barin maguna barkatai shi ma yana da nasa haɗari. Ko da yake ciwon haukan kare galibi daga kare ake samunsa, kyanwa ma tana iya ɗauka. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, ya tafi asibiti. Mace mai ciki kuma ta nisanci kwashe kashinta.

Abin da na ce wa Baba shi ne, magunan nan ba ƙiyayya ta kawo su ba, abinci ne, mu ne kuma muke ba su ba tare da mun sani ba. Aka yarda a gwada. Aka sa wa akurki ƙofar waya, ana rufe 'yan tsaki tun la'asar sakaliya. Aka daina barin kwanuka da sauran tuwo a tsakar gida su kwana. Nono da nama suka koma ƙarƙashin murfi mai nauyi maimakon faifai. Baba ya yi magana da maƙwabta, aka ƙone jujin, aka sare ciyawar kangon. Kaka ta zaɓi guda ɗaya, wata mai rodi-rodi, tana ajiye mata abinci a gindin rumbu safe da yamma. Ba a kashe ko ɗaya ba, ba a sa ko ɗaya a buhu ba. Da na koma hutu na gaba, biyu kaɗai na gani. Muzurun yana leƙowa jefi-jefi, ya tarar da akurki a rufe, ya yi gaba.

Ban ce an gama ba, domin mai rodi-rodin ma za ta haihu. A ƙasashe irin su Turkiyya da Ingila akan kama magunan titi, likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa da allurar rigakafi, a mayar da su inda suke. Muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ina kira ga 'yan'uwanmu ɗaliban can da su dubi yadda irin wannan aiki zai isa garuruwa kamar namu da kuɗin da talaka zai iya.

Hausawa suna cewa tuban muzuru, don sun san ba ya barin kaza. Gaskiya ne, ba zai tuba ba, haka Allah Ya halicce shi. Mu da aka ba hankali, mu ya kamata mu rufe akurki, mu rufe tukunya, mu share juji, sa'an nan mu ba wadda ke tsare mana rumbu haƙƙinta. Allah Ya sa mu dace, amin.