Mun Je Neman Kififiya a Cikin Badala

Uwargida, idan kina da yarinya 'yar shekara bakwai, kin san yadda magana ɗaya kan maƙale mata a baki har ta hana gida sakat. Tawa Ummin, kunkurun teku ne ya maƙale mata. Ƙanwar maigidana da ke aure a Dubai ce ta ja mana. A hutun bara suka shiga irin babban jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa ita da mijinta da yara, bayan sun sauka suka ƙara kwana biyu a Oman, suka je wata gaɓa da ake kira Ras al Jinz, inda kunkurun teku ke fitowa da dare ya haƙa rami a yashi ya zuba ƙwai. Ta turo mana bidiyon wata uwa da gari ya waye mata, tana jan ciki za ta koma ruwa. Ummi ta kalle shi ya fi sau talatin.

"Mama, mu yaushe za mu je teku?"

Kin dai san albashin ma'aikaciyar jinya. Tekun da muka saba jin labarinsa na Legas ne, tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma ko can ɗin sai an yi sa'a ake ganin kunkurun. Na yi ta ce mata sai Allah ya hore. Ranar wata Juma'a muka shiga cikin gari gaida Hajiya, mahaifiyata, Ummi ta kai mata wayar. Hajiya ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai yayar kififiya ce. Mu da ita muka tashi a kududdufin bayan gidan nan. In rana ta fito, sai ki gan su jere a bakin ruwa kamar an kife ƙore."

Shi ke nan, abin nema ya samu. Muka ƙulla cewa a hutun watan Agusta, duk ranar da na sauko daga aikin dare na huta, za mu shiga birni neman kififiya: ni da Ummi da yayanta, ɗan farina, wanda ba zan ambaci sunansa ba, kin san dalili.

Kududdufin Hajiya muka fara nufa. Na san lungun tun ina yarinya, amma sai da na wuce wurin sau biyu. Inda ruwan yake a da, yanzu gidaje uku ne na bulo da shagon cajin waya. Wani dattijo da ke zaune a dakalin masallaci ya ga muna ta waige-waige, na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa abin da muke nema. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"'Yata, kin makara da shekara ashirin. Da shara aka fara cike shi, daga baya aka kawo tifa-tifa na ƙasa, aka yanka filoti." Ya nuna bangon zaurensa da sanda, inda laima ta ci kusan tsawon gwiwa. "Ruwan da yake sha a da, ga inda yake kwana yanzu."

Shi ne ya yi wa yaran bayanin abin da ni kaina ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Kududdufan Kano yawancinsu hannu ne ya haƙa su. Duk gidan ƙasa da kika gani a birni, duk soro, duk katanga, daga wani rami aka ɗebo ƙasarsa aka kwaɓa aka yi tubali. Ita kanta ganuwar da littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ramin da ke biye da ita daga nan aka samo ƙasarta. Idan damina ta zo, ruwan indararo ya bi lungu ya gangara ramin, ramin ya riƙe shi. Da ruwa ya zauna sai kainuwa ta zo, kwaɗi da tarwaɗa suka biyo, kififiya ma ta samu gida.

Daga nan muka taka zuwa Jakara. Kin san sunan, wataƙila ma kin bi ta kanta a adaidaita sahu ba ki lura ba, domin an gina wa rafin magudanar siminti an shimfiɗa titi a samansa. Baturen Birtaniya Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, kasuwa kuma tana gefenta. Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya tarar da ita, har ya sa ta a taswirar garin da ya zana. Na tsaya da yara a gefen titi na ce musu, "Ruwan yana ƙarƙashin ƙafarku." Ummi ta durƙusa ta kara kunne a wata kafa ta magudanar. Wari ne ya kore ta.

Kasuwar Kurmi ba nisa, muka faɗa. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya hau gadon sarauta a 1463, kuma har gobe lungunanta mutum biyu da ƙyar suke giftawa. A layin masu maganin gargajiya, tsakanin saiwoyi da ƙahonni da busassun fatu, yayan Ummi ya hango ƙoƙon bayan kunkuru a rataye. Mai rumfar ya sauko da shi ya ba Ummi ta riƙe. Ya bambance mana su: kunkuru na tudu ne, bayansa tudu guda kamar akushi, ƙafafunsa kamar na giwa, ciyawa yake ci. Kififiya ta ruwa ce, bayanta ya fi faɗi da kwanciya, yatsunta da fata a tsakani don iyo. Ummi ta leƙa cikin ƙoƙon ta ce, "Baba, ina mai shi?" Ya dube ni, na dube shi. A adaidaita sahu muna komawa gida ba ta ce uffan ba.

Fita ta biyu Dala muka hau. Idan ba ki taɓa hawa da yara ba, ki je da safe kafin rana ta yi zafi, ki riƙe hannun ƙarami a matakala. Daga sama birnin duk yana gabanki: hasumiyoyin babban masallaci, Goron Dutse ta yamma, rufin kwano iya ganinki. Na ce wa yara kowa ya nemo mini inda ruwa ke ƙyalli. Suka yi ta nuni, nan ɗaya, can ɗaya, wasu kore shar saboda kainuwa ta rufe su. Hajiya ta ce a zamaninsu in ka hau Dala da damina sai ka ce madubai aka watsa a garin. Mu dai da yatsun hannu muka ƙirga namu.

A nan zan gaya miki gaskiya, 'yar'uwa. Ni ba masoyiyar kududdufi ba ce. A wurin aiki na ga abin da yake yi. Na ga yara maza 'yan shekara goma ana kawo su da fitsarin jini, tsargiya, wadda ƙwayarta ke girma a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga wanka. Iyaye da yawa suna ɗauka alamar balaga ce, alhali cuta ce da ke cin mafitsara a hankali, kuma maganinta, praziquantel, yana nan a asibiti. Na kuma san sauron da ke ƙyanƙyashewa a bakin ruwan. Wani dare da damina, ina bakin aiki, aka shigo da yaro ɗan shekara shida a kafaɗar yayansa, kayansa sharkaf. Ƙwallonsa ce ta faɗa ruwa. Mun yi iya yinmu, Allah bai yi ba. Har yau in na ji an ce an cike wani kududdufi, wani sashe na zuciyata cewa yake alhamdu lillahi.

Amma a asibitin nan dai nake karɓar waɗanda katanga ta danne bayan ruwan kwana, da masu amai da gudawa daga unguwannin da ambaliya ta haɗa masai da rijiya. Ruwan sama bai san an yanka filoti ba, inda ya saba kwana nan yake nufa. Na kan kwana da tunanin nan biyu, kowanne da gaskiyarsa. Abin da na iya tsayarwa shi ne, waɗanda suka rage sun fi buƙatar shinge da mai gadi da a daina zuba musu shara, fiye da tifar ƙasa.

Fita ta uku muka bi titin BUK, inda ganuwa ke rakiyar mutum daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya har Kabuga. A wannan layin ne manyan ruwayen da suka yi saura suke, duk da gine-gine sun matse su ta kowane gefe. A bakin wani muka tarar da masunci yana gyara koma. Ba zan faɗa miki wanne ba ne, domin na san halin yaran unguwa da ƙugiya.

Na ce, "Malam, sannu da aiki. Don Allah akwai kififiya a ruwan nan?"

Ya ce, "Akwai, Hajiya, sai dai ba kamar da ba. Takan faɗa mini koma, in mayar da ita. Amma ba a ganinta da hayaniya. Ku zo bayan asuba, rana na fara ɗumi, ku zauna kamar babu ku." Ya ƙara mana da cewa in rani ya yi ruwa ya janye, shiga taɓo take yi ta lafe kamar gaiwa, sai ruwan farko ya tashe ta. Wato idan aka zuba ƙasa a kududdufi da rani, da ita ake binnewa.

Ranar Asabar muka dawo ƙarfe shida da rabi, maigida ya rako mu. Na shimfiɗa tabarma nesa da bakin ruwa da taku goma, na kafa doka: ba mai cire takalmi, ba mai taɓa ruwa ko da yatsa. Muka zauna. Balbela biyu na kiwo a kan kainuwa, ledojin ruwa na yawo a gefe, ƙarar motocin titi na ƙaruwa a hankali. Minti ashirin, yayan Ummi ya fara jifa da tsakuwa, babansa ya harare shi. Minti arba'in, ni kaina na fara lissafin wankin da na bari. Ummi kuwa, wadda ba ta iya zaman minti biyar a gaban allo, ko motsi ba ta yi ba.

Ita ce ta gani. Ta damƙe mini hannu ba ta yi magana ba. Can kusa da wata tsohuwar taya da rabinta ya nutse, wani ɗan baƙin abu kamar kan babban yatsa ya ɓullo. Na ɗauka kwaɗo ne. Sai ya matso, ƙafa ta kama tayar, ta biyu ta biyo, ga baya nan launin taɓo, faɗinsa bai wuce murfin ƙaramar tukunya ba. Ta hau ta miƙe wuya tana shan hantsi. Na kai hannu jaka zan ciro waya, zif ɗin ya yi ƙara, sai ji muka yi tsulum. Duka-duka ba ta yi minti ɗaya ba. Ba mu da hoto.

Na zaci Ummi za ta yi kuka, ko ta ce ta Anti ta fi girma. Sai ta juyo ta ce, "Mama, a kan taya take zaune. Ba ta da dutse?"

Idan kina son kai naki, ga abin da zan ce miki a matsayina na uwa kuma ma'aikaciyar jinya. Ki je da damina, da sassafe, kuma da babba namiji ko mace ɗaya ga kowane ƙaramin yaro. Ki gaida mutanen wurin ki tambaye su, sun fi kowa sanin inda ƙasa ke zaftarewa. Kada ƙafa ta taɓa ruwan. In wani yaro ya kawo miki kififiya ko kunkuru ya ce ki saya, kada ki saya, domin sayenki ne zai mayar da shi ya kamo wata. Ban da haka, dabbobin nan suna ɗauke da ƙwayar salmonela a jikinsu, mai sa zazzaɓi da gudawa, ta fi kuma yi wa 'yan ƙasa da shekara biyar illa. Duk wanda ya taɓa, ya wanke hannu da sabulu. Idan kuma ɗanki ya saba wankan kududdufi, ki tambaye shi launin fitsarinsa yau ɗin nan, kada ki jira ya faɗa miki, kunya ba za ta bar shi ba.

Daga bakin ruwan gidan Hajiya muka wuce, muka same ta tana dama koko. Ummi ta zauna a gabanta ta ba ta labari tun daga taya har tsulum, tana gwada girman da tafin hannu biyu. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Guda ɗaya?"

"Guda ɗaya, Hajiya."

Hajiya ta ɗan yi shiru tana juya ludayi. Ta ce, "To, Allah ya raya ta. In za ku koma, ku zo ku ɗauke ni."